Ramin Kunu

Rigar Ummi ce ta kai ni Brantford. Na sauka gidan ƙanena a Hamilton, cikin lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, a watan Oktoba, da niyyar in huta mako biyu in ga iyali. Kwanana biyu da sauka na ga 'yarsa ta kafe sai wata riga ruwan lemo za ta sa, alhali an wanke ta ko bushewa ba ta gama yi ba. Shekarar yarinyar tara. Sunan mahaifiyarmu ta ci, don haka babu mai kiranta da sunan yanka a gidan, Ummi ce kawai. Na ce, "Ummi, wannan rigar ta wace ƙungiyar ƙwallo ce?" Ta yi mini kallon da yara kan yi wa babban da bai san abin da kowa ya sani ba, ta ce, "Baffa, ba ta ƙwallo ba ce. Ta yaran da aka ƙwace ce."

Da Hausarta mai tsallake-tsallake, rabi duk Turanci, ta ba ni labarin da aka koya musu a aji. A 1973 wata yarinya 'yar shekara shida, Phyllis Webstad, kakarta ta saya mata sabuwar riga ruwan lemo don ranarta ta farko a makarantar kwana ta mishan, can yammacin ƙasar. Tana isa aka tuɓe mata rigar, ba ta sake ganinta ba. Da ta girma ta ba da labarin, shi ne 30 ga Satumba ta zama ranar sa irin wannan riga, kuma tun 2021 gwamnatin tarayya ta sa ranar cikin ranakun hutu, don tunawa da 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da aka raba da iyayensu. Ƙanena yana jin mu daga kicin, ya leƙo ya ce, "Yaya, ai ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun nan tana kusa, ko awa guda ba za mu yi ba. Shekara nawa ina bi ta gefen garin, ban taɓa ratsewa ba." Na ce to lokacin ratsewa ya yi.

Daga Hamilton kimanin kilomita 40 ne a kan babbar hanya mai lamba 403. Kaka ce, itatuwan gefen hanya sun rine ja da ruwan ɗorawa kamar an baza kayan lefe. Abin da Brantford ke tinƙaho da shi tarho ne: nan Alexander Graham Bell ya zauna, daga nan aka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko na magana ta waya tsakanin gari da gari a 1876. Amma sunan garin kansa na wani ne daban. Ma'anarsa mashigin Brant, wurin da Joseph Brant, jagoran Mohawk da mutanensa ke kira Thayendanegea, ya ƙetare kogin Grand. Shi da jama'arsa sun tsaya wa Ingila a yaƙin neman 'yancin Amurka. Da Ingila ta sha kashi ta zauna sulhu a 1783, ko ambatonsu ba ta yi a takardar ba, ƙasashensu na gado da ke jihar New York ta yau suka tafi. A 1784 gwamna Frederick Haldimand ya sa hannu a kan takardar da ta ba su mil shida a kowane gefen kogin Grand, daga bakinsa har mafarinsa, wajen eka 950,000. Abin da ke hannunsu yau bai wuce eka 46,000 ba, ko kashi biyar cikin ɗari bai cika ba, kuma tun 1995 suke kotu da gwamnati a kan yadda sauran ya salwanta.

Daga titin Mohawk muka karya kwana zuwa wata doguwar hanya miƙaƙƙiya, itatuwa dama da hagu. A ƙarshenta ga ginin: jan bulo, hawa uku, fararen ginshiƙai a ƙofa, da 'yar hasumiya a ka. Da a hoto na gan shi, da na ce tsohuwar kwalejin 'ya'yan masu kuɗi ce. Mutanen wurin kuwa ba sa kiransa da sunansa na takarda, Mohawk Institute. Mush Hole suke ce masa, wato Ramin Kunu, saboda kunun hatsi mai yauƙi da ake ɗura wa yara safe bayan safe.

An rufe makarantar a 1970, bayan shekara kusan 140 tana aiki. Bayan shekara biyu, a 1972, 'yan asalin ƙasar suka buɗe cibiyar al'adu ta Woodland a harabar, da gidan tarihi da ɗakin karatu da sashen harsuna. Matar da ta karɓe mu, wadda kakarta ta yi zaman gidan, ta ba mu shawara mu fara da gidan tarihin kafin mu shiga makarantar. Dalilinta shi ne baƙi da yawa kan zo su ga abin da aka yi wa yaran, su koma ba su san 'ya'yan su wane ne ba.

Littattafan Turawa suna kiransu Iroquois. Su kuwa Haudenosaunee suke ce wa kansu, mutanen dogon gida, saboda dogayen zaurukan itace da ɓawon bishiya da iyalai da yawa ke zama ciki, kowane da murhunsa. Al'ummomi biyar ne tun asali: Mohawk da Oneida da Onondaga da Cayuga da Seneca, sai Tuscarora suka shigo wajen 1722 suka zama shida. Kafin Bature ya taka ƙasar, bayan dogon zamani na kisa da ramuwa a tsakaninsu, wani da suke kira Mai Sulhu, tare da Hiawatha, ya haɗa su a ƙarƙashin doka guda, Babbar Dokar Zaman Lafiya. Suka ɗauki ƙasarsu duka kamar dogon gida ɗaya: Mohawk na tsaron ƙofar gabas, Seneca na ƙofar yamma, Onondaga a tsakiya suna riƙe da wutar majalisa. Hoton wannan tsari ne a kan tutar shunayya da na yi ta gani a jikin motoci.

Inda na fi daɗewa tsaye shi ne gaban ɗamarun wampum. 'Yan duwatsu ne da ake sassaƙawa daga ƙwanson dodon koɗin teku, farare da shunayya, a saƙa su kamar ɗamara. Da farko zuciyata ta tafi ga wuri, kuɗin kakanninmu, amma aikin waɗannan daban ne. Takardun yarjejeniya ne. Kowace ɗamara tana da maganar da ke cikinta, akwai kuma mutanen da aikinsu shi ne su haddace maganar, su ɗaga ɗamarar a gaban taro su karanta. Wadda aka fi sani mai layi biyu ce, da suke danganta ta da yarjejeniyarsu da Turawan Holan a 1613: layuka biyu na shunayya a kan fari, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa. Ɗaya kwalekwalen 'yan ƙasa ne, ɗaya jirgin baƙi, kogi ɗaya suke bi, kowa ya tuƙa nasa kada ya sa hannu a na wani. Taku kaɗan ne daga wannan ɗamara zuwa ginin da aka yi musamman don a kwashe yaran kwalekwale a zuba su cikin jirgi.

Tsarin sarautarsu ya sa ƙanena dariya, ya ce kada matarsa ta ji. Ɗa dangin uwarsa yake bi, kowane dangi da dabbarsa: kunkuru, kyarkeci, barewa, shaho, zalɓe da sauransu. Kujerun majalisa 50 ne, kuma iyayen dangi mata ne ke zaɓen wanda zai hau kowace. In ya karkace su gargaɗe shi, in ya ƙi ji su cire masa ƙahon barewar da ke alamar sarautarsa. Wannan majalisa ce ta mulki yankin kogin Grand har 1924, shekarar da gwamnatin Kanada ta aiko 'yan sandanta garin Ohsweken suka kawar da ita, aka kafa majalisar zaɓe bisa dokar gwamnati. Shekara guda kafin nan wani basaraken Cayuga, Deskaheh, ya tafi har Geneva da fasfon al'ummarsa don ya kai kuka gaban Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani, aka hana shi magana a zauren. Ya rasu a 1925 a tsallaken iyaka, bai koma gida ba. Majalisar gargajiyar ba ta mutu ba, har yau tana zama, ga kuma ta zaɓe, kuma ba kullum suke shan inuwa ɗaya ba. Wanda ya fito daga ƙasar da Bature ya tuɓe sarki ya naɗa wani ba ya buƙatar dogon bayani a nan.

Ummi ita kam 'yartsanar ɓawon masara ce ta ɗauke mata hankali, don ba ta da fuska: babu ido, babu baki. Da gangan ake barin ta haka, akwai tatsuniyar da ke bayan abin, ta wata 'yartsana da kyanta ya ruɗe ta har aka ɗauke mata fuskar. Ga sandunan lakros, wasan da suke cewa kyautar Mahalicci ce, ga tukwanen ƙasa, ga aikin duwatsun ado a kan fata, ga bayanin 'yan'uwa mata uku, masara da wake da kabewa, da ake shukawa rami ɗaya: wake ya hau karan masara, kabewa ta shimfiɗa ganye ta rufe ƙasa. Manomin da ke haɗa gero da wake a gona ɗaya zai gane hikimar da kallo guda.

Daga nan muka ƙetara zuwa makarantar. An sake buɗe ta ga jama'a ranar 30 ga Satumba 2025, bayan shekaru ana gyara, makonni kaɗan ke nan kafin zuwanmu.

Wata ƙungiyar mishan ta Landan, New England Company, ita ta fara ta a 1828 a matsayin wurin koya wa samari sana'a. Cikin 'yan shekaru ta koma ta kwana, a 1834 aka fara ɗaukar 'yan mata. Limaman cocin Angilikan ne ke tafiyar da ita, daga baya gwamnatin tarayya ta shigo da kuɗinta da dokarta. Ana ƙiyasta yara 15,000 ne suka bi ta wannan ƙofa. Ya kamata in faɗi abin da ke gaskiya ko da ya rage wa labarin santsi: akwai iyayen da a farkon zamani da kansu suka nemi a koya wa 'ya'yansu karatu, shi Brant ma Kirista ne, har ya fassara Linjilar Markus zuwa harshen Mohawk, kuma cikin ɗaliban farko akwai Oronhyatekha, wanda ya zama likita sananne. Amma abin da iyaye suka nema daban, abin da gwamnati ta ƙulla daban. A 1920 aka gyara dokar da ke mulkin 'yan asalin ƙasar, aka wajabta makaranta ga kowane yaro daga shekara 7 zuwa 15, uban da ya ƙi kuma yana iya shan ɗauri. Babban jami'in da ya tura gyaran, Duncan Campbell Scott, bai ɓoye manufarsa ba a gaban 'yan majalisa: a ci gaba har sai babu ɗan asalin ƙasa ko ɗaya da bai narke cikin Turawa ba. A shekarun ƙarshe har daga arewacin Quebec ake kwaso 'ya'yan Cree, tafiyar ɗaruruwan kilomita.

Tsofaffin ɗaliban, waɗanda a nan ake kira waɗanda suka tsira, sun bar muryoyinsu a ɗakunan, kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan ranar farko. A aske gashi, a karɓe kayan gida, a ba yaro lamba. Lambar ce a jikin tufafinsa, da ita ake kiransa. Gefen maza daban, gefen mata daban, wa da ƙanwa suna iya shekara a rufi ɗaya ba su yi magana ba, sai dai hange a ɗakin cin abinci. Wanda aka kama yana yarensu, bel na fata ne a tafin hannu. Akwai tsofaffi masu shekara 80 da har yau in an tambaye su lambarsu ba sa ko tsayawa tunani. Na dubi Ummi tana karanta wani allo da yatsa. A gidanmu ma an ɓoye sunanta, amma kunyar mai sunan ce ta sa, kuma duk wanda ya ce Ummi ya san sunan da yake kewayewa.

Sai maganar ci. Makarantar tana da gona babba, da shanu da kaji, yaran ne kuma ke aikin: rabin yini aji, rabin yini maza a gona da turke, mata a wanki da ɗinki da goge daɓe. Madara mai kyau da ƙwai kuwa teburin ma'aikata suke tafiya, ko kasuwa. A gaban ginin akwai lambun tuffa da yaran ke gani ta taga, an hana su tsinka. Kunun nan shi ne abincin, wani lokaci da tsutsa a ciki. Wasu mazan sun ba da labarin yadda suke sulalewa zuwa jujin gari su tsinci abin da za su kai baki.

A nan zuciyata ta so ta yaudare ni. Ni ma ɗan makarantar kwana ne. Na ci gabza, na tsame ƙwari daga wake, an rubuta sunana cikin masu yin Hausa a aji na sha bulala, har lamba gare ni a wuyan riga. Na buɗe baki zan ce wa ƙanena ai mu ma mun gani, sai na haɗiye maganar. Mahaifinmu ne ya kai ni da kansa, ya damƙa ni hannun malami ya yi mini addu'a. Duk wata uku ina gida, kaka na jira da tatsuniya, kasuwa da masallaci da rediyo duk Hausa suke yi. Bulalar awa shida ba ta iya komai da harshen da gari duka ke magana da shi. Sarautar Ingila ɗaya ce ta mulki can da nan, amma a ƙasar Hausa lissafinta ya sa ta taƙaita mishan a masarautu, makarantar Ɗan Hausa ma da aka buɗe a Nasarawar Kano a 1909 da Hausa ta fara koyarwa. A wurinmu haraji da gyaɗa Bature yake so, ya kwasa ya tafi. A nan ƙasar yake so ya zauna, kuma mai son zama a gidan wani sai ya san yadda ya yi da magada.

An sauka da mu ƙasan ginin, inda tukunyar ɗumama ɗakuna take. Kafin mu sauka jagorarmu ta dubi Ummi, ta dubi ubanta, shi kuma ya gane, ya ja hannunta suka fita shan iska. Ɗaki ne mai duhu, bututu ko'ina. Waɗanda suka tsira sun shaida cewa nan wasu ma'aikata ke kawo yara su yi lalata da su, don ƙarar injin tana danne kuka. Ba mu yi minti biyu a ciki ba. Wani dattijo Bature da ke cikin ayarinmu ya cire hularsa, ya rasa inda zai sa ta.

Yaran ba su zauna kamar tumaki ba. A 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa, ɗalibai suka cinna wa makarantar wuta ta ƙone, suka bi da rumbunan gona. Ginin da muke tsaye ciki shi ne wanda aka sake yi a 1904. A 1914 wani uba ya kai shugaban makarantar kotu saboda an kulle 'yarsa a ɗan kurkuku an kuma zane ta, ya yi nasara aka ci shugaban tarar dala 400. Masu gudu kuwa ba sa ƙirguwa. Mafi shahara cikinsu Tom Longboat ne, ɗan Onondaga, wanda ya gudu aka kamo shi, ya sake gudu bai dawo ba. A 1907 shi ya lashe gasar dogon gudu ta Boston. Ana ruwaito cewa da ya yi suna aka gayyace shi ya yi wa ɗalibai jawabi a tsohuwar makarantarsa, ya ƙi, ya ce ko karensa ba zai aika wurin ba. Da masu gyara suka ɓamɓare bango da ƙarƙashin matakala, sun tarar da 'yan abubuwan da yara suka ɓoye: duwatsun wasa, guntayen takardu, ledojin abinci. Dukiyar wanda ba a bar masa komai ba ke nan.

Na sami ƙanena da Ummi a bayan ginin, sun tsaya gaban bango. Daga nesa bulo ne kawai. Da ka matso sai ka ga duk an karce shi, daga daidai ƙugu zuwa inda hannun yaro zai kai: sunaye, haruffan farkon suna, shekaru, wani wuri lamba a gefen suna. Da ƙusa ko tsinin dutse aka yi, kuma bulon da aka gasa ba ya karɓar rubutu da sauƙi, sai an dawo an sake bi, yau da gobe. Ummi tana bi tana karantawa a hankali, tana tuntuɓe a kan waɗanda ruwa ya cinye. Ba wanda ya ce ta yi, ba wanda ya hana ta.

Wannan bango na cikin dalilan da suka sa ginin yake tsaye. A duk faɗin Kanada makarantu wajen 140 aka amince da su a yarjejeniyar biyan diyya ga tsofaffin ɗalibai, yara kimanin 150,000 suka shiga, ta ƙarshe da gwamnati ke gudanarwa sai a 1996 aka rufe ta. Yawancin gine-ginen an rushe su, wasu ma al'ummomin ne suka nemi a rushe, kuma ban ga laifinsu ba. A Ontariyo biyu suka rage, wannan da ta Shingwauk a garin Sault Ste. Marie. A 2013 rufin wannan ya yi yoyo ya lalata ciki, sai tambaya ta taso: a rushe ko a gyara? Aka tuntuɓi jama'a, sama da kashi 90 cikin ɗari suka ce a gyara, aka sa wa gangamin tara kuɗin suna mai ma'anar a ceci hujja. Kalmar kotu ce, kuma da gangan aka zaɓe ta. Mutanen da suka yi shekaru suna faɗa ana cewa ƙari suke yi sun san darajar abin da za a iya taɓawa da hannu. Da an tambaye ni da safe, kafin in zo, da na ce a rushe a huta. Da yamma ban iya cewa haka ba.

Ban-haƙuri dai an yi shi iri-iri. Cocin Angilikan ta yi a 1993, Firaminista Stephen Harper ya yi a majalisa a watan Yunin 2008, Paparoma Francis ya zo da kansa a 2022 saboda makarantun Katolika. Hukumar gaskiya da sasantawa da alƙali Murray Sinclair ya jagoranta ta saurari shaidu fiye da 6,000, a 2015 ta kira abin da aka yi kisan ƙare dangi na al'ada, ta ba da shawarwari 94. Ta ƙirga yara sama da 3,000 da suka mutu a makarantun, akasari da tarin fuka da wasu cututtuka, adadin kuma ya haura 4,000 daga baya. Tun 1907 wani likitan gwamnati, Peter Bryce, ya rubuta rahoto a kan yadda yaran ke mutuwa, aka yi watsi da shi. Bayan sanarwar 2021 a kan wata makaranta irin wannan a garin Kamloops, inda na'urar leƙen ƙarƙashin ƙasa ta nuna alamun da ake zaton kaburbura ne, tsofaffin ɗaliban Ramin Kunu suka kafa ofishinsu na bincike. Suna bin takardun coci da na gwamnati, suna bin filin da na'ura taku bayan taku. Daga takardu kaɗai sun gano yara kusan 100 da suka mutu, ninki biyu na abin da ke rubuce a da.

Mun tsaya a ɗan cocin Mohawk da ke gaba kaɗan a kan titin, farin gini na katako da aka yi a 1785, mafi tsufan cocin da ya rage a Ontariyo. Kabarin Brant na gefensa. A cocin nan ake jero yaran kowace Lahadi a zamanin makarantar, cikin tufafin da suka fi kyau, don mutanen gari su gani.

Abin da ban zata ba shi ne ƙarar da ke cikin cibiyar. Na zo da shirin makabarta, sai na tarar da wurin aiki. A sashen harsuna ana tattara muryoyin tsofaffi ana rubutawa, ana shirya littattafan koyo. Masu jin Cayuga tun daga nono tsiraru ne ƙwarai, yawancinsu sun tsufa, kowace jana'iza kuma da kalmomin da take tafiya da su. Amma tun 1986 akwai makarantar Kawenní:io da ke koyar da yara komai cikin Mohawk da Cayuga, akwai kuma shirin da baligi ke ajiye aikinsa ya yi shekara biyu ba ya jin komai sai Mohawk. Jagorarmu ta ce kakarta ba ta taɓa yi wa 'ya'yanta yaren ba, don kada a dake su kamar yadda aka dake ta. Ita jikar da girmanta ta koya, yanzu da shi take yi wa ɗanta faɗa. Duk taronsu da jawabin godiya ake buɗe shi, wanda suke kira maganar da ke gaban kowace magana, a bi halittu ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa da ruwa har taurari, ana gode wa Mahalicci. Ta koya mana kalma biyu: sge:no, gaisuwar da ke tambayar lafiya da kwanciyar hankali, da nya:weh, na gode. Ƙanena ya yi shiru tun daga nan har mota. Da ya tayar da injin sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaya, mu fa ba wanda ya doke mu." Ban amsa ba, don Ummi na baya tana ji.

Yunwa ta kai mu Ohsweken, tafiyar minti 20 ta cikin gonaki da shagunan taba da gidajen mai. A wani ɗan gidan abinci na nemi miyar masararsu da ake ta yabo. Farar masara ce da ake dafawa da tokar itace har ɓawon ya saɓule, a wanke, a haɗa da wake. Allah ya sa na tambaya, ashe da naman alade ake yin ta. Matar ta yi dariya ta ce ba ni ne na farko ba, ta kawo mana burodin masara da wake wanda ake dafawa a ruwa, mai nauyi kamar ɗan wake ya yi ƙiba, da ruwan 'ya'yan itacen strawberry mai sanyi. Ummi ta cinye nata ta ci rabin nawa. Da za mu tashi ta je gaban kanta, ta gyara rigarta ruwan lemo, ta ce nya:weh da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Matar ta amsa da wata doguwar magana da babu wanda ya gane a cikinmu, ta ƙara mata yanki guda a takarda.

Rana ta yi ƙasa, yinin kaka a can gajere ne. Muka tsaya a bakin kogin Grand, ƙanena ya ciro darduma daga bayan mota, ya duba alƙibla a waya, muka yi la'asar a kan ciyawa mai sanyi, Ummi na zaune a mota da ƙofa buɗe tana cin burodinta.